Rana a Kan Kwano, Duhu a Ɗakin Jinya: Bututun Haske da Asibitocin Ƙasar Zuru

Duk wanda ya taɓa zaman jinya a ƙananan asibitocinmu ya san wannan abu. Rana ta take, a waje ko ido mutum ba ya iya buɗewa sosai saboda ƙyalli, amma a ɗakin allura nas tana laluben jijiya a bayan hannun yaron da za a ɗaura wa ƙarin ruwa. Ta tsuke hannun da roba, ta bubbuga, ta karkata shi wajen ƙofa, ba ta ga komai ba. Sai ta ciro wayarta, ta kunna tocila, ta miƙa wa uban yaron: "Baba, don Allah haska mini nan." An ɗauke wuta tun asuba, janareta kuwa ba a tayar da shi sai tiyata ta taso. Abin da ya raba wannan nas da hasken da take nema bai wuce silin da fallen kwano ɗaya ba.

Masana suna auna hasken da ya sauka a wuri da ma'aunin da ake kira luks. Idan gari ya yi garau, ranar tsaka tana zuba kimanin luks 100,000 a kan rufi. Ko ranar da hadari ya haɗu, abin da ke waje yakan kai dubbai. Ɗakin kwanciyar majinyata kuwa luks 100 zuwa 300 ya ishe shi hidimar yau da kullum, gadon duba mara lafiya yana son kamar 1,000. Ashe da za a shigo da kashi 1 cikin 100 na abin da ke dukan kwanon, da an gama magana. Ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba. Akwai wata 'yar dabara da ake kira bututun haske, wadda aikinta ke nan: ta ɗebo hasken rana daga saman rufi, ta ratsa silin da shi, ta zuba shi a tsakiyar ɗaki, ba waya, ba batir, ba mai.

Wuta da asibiti

Masarautar Zuru, a kudancin Jihar Kebbi, ta ƙunshi ƙananan hukumomi 4: Zuru, Danko-Wasagu, Fakai da Sakaba. Ciwon da ya fi ƙarfin ɗakin shan magani a ƙauyukan Ribah, Mahuta ko Dirin Daji yakan ƙare a manyan asibitocin yankin, ciki har da Babban Asibitin Martha Bamaiyi da ke garin Zuru. Birnin Kebbi tafiya ce ta sa'o'i, kuma rashin tsaron da ya addabi wasu sassan masarautar a 'yan shekarun nan ya sa tafiyar dare ta zama abin fargaba. Don haka abin da asibitin kusa zai iya yi da kansa, da abin da ke hannunsa, shi ne gatan talaka.

Matsalar wuta a asibiti ba ta Zuru kaɗai ba ce. A farkon 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya da Bankin Duniya da wasu hukumomi biyu suka fitar da rahoto cewa kusan mutum biliyan 1 a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi suna zuwa asibitocin da ko dai babu wuta sam, ko kuma wutar ba abin dogaro ba ce. A Afirka kudu da Sahara, kashi 15 cikin 100 na cibiyoyin lafiya ba su da wuta ko kaɗan, kashi 40 ne kawai ke da tsayayyiya. A wannan shekarar aka janye tallafin man fetur a watan Mayu, kuɗin tayar da ƙaramin janareta ya ninka, sannan a watan Satumba gobara ta tashi a tashar wutar lantarki ta Birnin Kebbi, jama'a da yawa suka yi kwana da kwanaki cikin duhu.

A Arewacin nan aka haifi ɗaya daga cikin sanannun magungunan wannan matsala. A 2008 wata likitar mata Ba'amurkiya, Laura Stachel, ta zo asibitin Ƙofan Gayan da ke Zariya tana binciken abin da ke kashe mata wurin haihuwa. Ta ga ungozomomi suna karɓar haihuwa da fitilar kananzir, ta ga ana ƙarasa tiyata da tocila. Mijinta, Hal Aronson, ya haɗa wa asibitin wutar sola, daga nan kuma aka samo akwatin sola ɗan ƙarami da ƙungiyarsu ta We Care Solar ta rarraba a dubban ɗakunan haihuwa a ƙasashe da dama.

Sola ta zo, kuma tana ƙara yaɗuwa a asibitocinmu. Sai dai batir abu ne mai iyaka. Duk ƙwan da aka kunna da tsakar rana a lungun da ya yi duhu, yana cin rabon firjin allurar rigakafi, da fanka, da na'urar iskar numfashi, da fitilar da ungozoma za ta nema ƙarfe biyun dare. Hikimar ita ce a bar rana ta yi aikin rana, a adana batir don dare.

Yadda duhu ya shigo gine-ginenmu

Tsofaffin ɗakunan jinya da aka gina zamanin Turawa da farkon 'yancin kai suna da siffa ɗaya: dogon ɗaki marar faɗi, rufi mai tsawo, manyan tagogi dama da hagu, da baranda a kewaye. Wannan tsari ya samo asali ne daga koyarwar Florence Nightingale, wadda a rubuce-rubucenta na 1859 ta sa haske a matsayi na biyu bayan iska mai kyau cikin bukatun mara lafiya. A lokacin babu lantarki, dole magini ya yi shawara da rana kafin ya aza tubali.

Da lantarki ya zo sai aka daina wannan shawara. Aka koma gini mai faɗi, ɗakuna dama da hagu, doguwar hanya a tsakiya wadda ba ta da taga ko ɗaya. Aka sauko da silin don a rage kuɗin bulo. Tsoron ɓarayi ya sa aka ƙanƙanta tagogi aka cika su da ƙarfe. Jama'a suka ƙaru, aka liƙa sabon ɗaki a jikin tsoho, tagar da ke kallon fili ta koma kallon bango. Inda tagar ta tsira, zafi ko neman sutura ya sa aka rataya mata labule mai kauri, ƙurar hunturu ta shekaru ta dafe gilashin luba.

Ko taga mai kyau ma tana da iyakarta. Ƙa'idar da masu zanen gini ke bi ita ce, hasken taga yakan yi amfani har zuwa nisan da ya ninka tsawon saman tagar kamar sau biyu. Idan saman taga yana mita 2 daga daɓe, da an wuce mita 4 ko 5 cikin ɗaki duhu ya fara. Shi ya sa teburin nas, da ɗakin ajiyar magani, da banɗaki, da hanyar tsakiya suke zama wuraren da ba a rabuwa da ƙwai a kunne. Waɗannan wurare ne bututun haske ya zo dominsu.

Yadda bututun yake aiki

Sassa uku ne da shi. A saman rufi akwai murfi na roba mai tauri da ake gani ta cikinsa, kamar ƙwarya a kife, wanda ke karɓar haske ta kowace fuska yana kuma tare ruwa da ƙura. A ƙarƙashinsa akwai bututun alminiyam da aka shafe cikinsa da abu mai ƙyallin madubi. Shi ne ke ratsa sararin da ke tsakanin kwano da silin. A bakin silin kuma akwai faifai mai ɗan hazo-hazo da ke warwatsa hasken, don kada ya sauka wuri ɗaya ya kashe ido. Wanda ya shigo ɗakin zai ɗauka fitila ce aka kunna, har ya nemi makunni a bango.

Sirrin yana cikin ƙyallin bututun. Hasken da ya shigo a karkace yana dukan bango ɗaya ya koma ɗayan, yana tafiya ƙasa, kuma kowane duka yana cin wani abu daga cikinsa. A ce haske ya daki bango sau 20 kafin ya iso ɗaki. Idan bangon yana mayar da kashi 90 cikin 100 a kowane duka, kashi 12 kacal zai iso. Idan kashi 95 yake mayarwa, kusan kashi 36 zai iso. Idan kuwa ya kai kashi 99.7, adadin da kamfanin Solatube ke cewa nasa yana kaiwa, kimanin kashi 94 zai tsira. Darasin a fili yake: bututu gajere, miƙaƙƙe, mai faɗi, mai ƙyalli, shi ne mai haske. Kowace kwana da kowane ƙarin tsawo asara ce.

Tunanin ba sabo ba ne. A 1881 wani Ba'amurke, William Wheeler, ya yi rajistar dabarar kai haske ɗaki-ɗaki ta bututu masu madubi. Irin wanda ake sayarwa yau kuwa wani ɗan Ostireliya, Steve Sutton, ya yi rajistarsa a 1986, ya shiga kasuwa a 1991. Na gidaje yawanci faɗinsu santimita 25 ko 35 ne, na manyan gine-gine ya haura 50.

Lissafin abin da yake bayarwa ba shi da wuya. Bakin bututu mai santimita 35 bai cika kashi 1 cikin 10 na murabba'in mita ba. Da tsakar rana mai haske, ko da rabin abin da ya shiga ya salwanta a hanya, abin da zai iso ɗaki ya kai hasken ƙwan LED mai wat 10 guda 5. Zafin ranar da ke sauka a wannan ɗan baki kuma bai wuce wat 100 ba, wato kwatankwacin ɗumin jikin mutum ɗaya da ke zaune, kuma ba dukansa ke shiga ba. Nan ne ya bambanta da fallen roba mai haske da ake sawa a rufin kasuwanni da sito-sito: shi fallen yana da faɗi, yana shigo da zafi ninkin-ba-ninkin, yana yin ja da tsufa, kuma a ɗaki mai silin ba shi da amfani.

Abin da ya sa ya dace da Zuru

Abin mamaki, ana sayen wannan bututu har a ƙasashen da ranarsu ta fi rowa. A Landan, cikin watan Disamba, rana ba ta tashi sama da digiri 15 daga ƙasa ko da tsaka, yini kuma bai kai sa'a 8 ba. Zuru tana kusan digiri 11 arewa da layin tsakiyar duniya. Yini a nan yana tsakanin sa'a 11 da 13 duk shekara. Sau biyu a shekara, cikin Afrilu da cikin Agusta, rana takan tsaya daidai tsakar ka, ko a Disamba ma takan kai digiri 55. Rana mai tsayi tana leƙa bututu kai tsaye, haskenta ba ya yawan dukan bango. Kuma daidai lokacin da take can sama ne taga ta fi samun ƙarancin rabo, musamman a gini mai baranda.

Na biyu, yawancin cibiyoyin lafiyarmu gini ne na ƙasa, ba bene ba, da rufin kwano a kan katako. Tsakanin kwano da silin bai fi mita 1 ko 2 ba. A manyan asibitocin Turai masu hawa goma, hawa na sama kaɗai ke morar bututu cikin sauƙi. A wurinmu kusan kowane ɗaki hawan sama ne.

Abin da haske ke yi wa mara lafiya

Maganar ba ta tsaya ga rage kuɗin mai ba. A cikin ƙwaƙwalwar ɗan Adam akwai agogo da ke tsara barci da farkawa, da ɗumin jiki, da fitar wasu sinadarai. A 2002 David Berson da abokan aikinsa a Jami'ar Brown ta Amurka suka tabbatar da cewa a cikin ido akwai wasu ƙwayoyi na musamman da ke sanar da wannan agogo cewa gari ya waye. Haske mai ƙarfi da safe yana saita shi, duhun dare yana sakin sinadarin melatonin mai kawo barci. A 2017 aka ba wasu masana uku kyautar Nobel saboda gano yadda agogon ke aiki. Majinyacin da ya yi kwanaki a ɗakin da dare da rana duk ɗaya ne, wanda ba ya iya bambance azahar da la'asar sai ya tambaya, agogonsa yakan rikice: ya yi gyangyaɗi da rana, ya kwana ido biyu.

Likitoci sun daɗe da lura da haka. A 1972 wani likita a jihar Arkansas, Larkin Wilson, ya kwatanta ɗakunan kulawa ta musamman guda biyu, ɗaya da tagogi ɗaya babu, ya ga ruɗewar hankali bayan tiyata ta fi ninki biyu a marar tagar. A 1996, a birnin Edmonton na Kanada, an ga masu ciwon damuwa da aka kwantar a ɗakuna masu rana sun yi matsakaicin kwana 16.9, na ɗakuna masu duhu kwana 19.5. A 2005, a birnin Pittsburgh, aka bibiyi mutum 89 da aka yi wa tiyatar ƙashin baya: waɗanda ke ɓangaren da rana ta fi shiga sun sha maganin kashe zafi ƙasa da na sauran da kashi 22 cikin 100.

Binciken da ya fi shahara, na Roger Ulrich a 1984, yana ɗauke da gargaɗi ga mai son bututu. Ya duba bayanan mutum 46 da aka cire wa matsarmama a wani asibiti a Pennsylvania. Masu kallon itatuwa ta taga sun riga masu kallon bangon bulo komawa gida da kusan kwana ɗaya. Duka ɓangarorin suna da taga. Abin da ya bambanta su shi ne abin da ido ke gani. Bututu yana kawo haske, amma ba ya nuna wa majinyaci bishiyar mangwaro ko dutsen da ke bayan gari. Waɗannan bincike duk a kan taga aka yi su, don haka ba hujja ba ne ta a toshe taga a sa bututu.

Idon ma'aikaci shi ne na'urar farko

A asibitin da babu manyan na'urori, ido ke yanke hukunci. Ma'aikacin lafiya yakan ja fatar ƙasan idon yaro ko ya buɗe tafin hannunsa ya ga ko ya yi fari, alamar ƙarancin jini. Yakan duba layin da ya fito dishi-dishi a kan abin gwajin zazzaɓin cizon sauro. Yakan duba launin ciwo da launin fitsari. Duk waɗannan aikin launi ne, kuma babu fitilar da ta kai rana nuna launi na gaskiya. Tocilar waya mai shuɗi-shuɗi da ƙwai mai ja-ja duk suna iya yaudarar ido.

Babu inda wannan ya fi muhimmanci kamar shawarar jarirai. Yawancin jarirai sukan ɗan yi rawaya a makon farko, ta wuce da kanta. Amma idan ta yi yawa ba a gani ba, tana taɓa ƙwaƙwalwa, ta bar yaro da kurumta ko shanyewar jiki, ko ta yi ajalinsa. Yadda ake dubawa shi ne a kai jariri wurin hasken rana, a danna yatsa a goshinsa ko karan hancinsa, a ɗaga, a kalli launin wurin kafin jini ya dawo, a duba farin ido da dasashi. A fata baƙa, cikin ɗaki mai duhu, wannan rawaya ba ta nuna kanta. Mu kuwa al'adarmu ita ce maijego ta zauna a ɗaki an rufe ƙofa da taga don kada sanyi ya shige ta, jariri a naɗe cikin zannuwa, daidai kwanakin da shawara ke tasowa.

Maganin shawara da haske ma daga lurar wata nas ya fito. A shekarun 1950, a asibitin Rochford da ke Ingila, Sista Jean Ward ta ga jaririn da ta fitar shan hantsi ya washe, ban da wurin da zane ya rufe. A 1958 likitocin asibitin suka wallafa sakamakon, aka fara ƙera fitilun da ake amfani da su yau. A 2015 aka wallafa wani gwaji da aka yi a asibitin haihuwa na Island da ke Legas a kan jarirai 447, inda aka sa wasu ƙarƙashin rumfa mai leda ta musamman da ke tace hasken rana, aka ga aikinta bai gaza na fitilar asibiti ba. Amma a kula: ƙarƙashin idon ma'aikata aka yi shi, ana auna zafin jikin jariri a kai a kai. Shanya jariri a rana tsirararta haɗari ne, bututun haske kuma ba maganin shawara ba ne. Amfaninsa shi ne a gan ta da wuri, a garzaya asibiti.

Tsofaffinmu a gida suke

A Turai ana sa bututun haske a gidajen kula da tsofaffi. Wani bincike da aka wallafa a 2008 ya bibiyi tsofaffi 189 a irin waɗannan gidaje 12 a ƙasar Holan, yawancinsu masu ciwon mantuwa. Inda aka ƙara hasken yini zuwa kusan luks 1,000, alamun damuwa sun ragu, lalacewar tunani ta ɗan lafa. Da fitilun lantarki aka yi wannan gwaji, abin da rana ke ba mu kyauta.

Mu ba mu kai iyayenmu irin waɗannan gidaje. Ɗakin kula da tsoho a wurinmu shi ne ɗakin Kaka da ke ƙuryar gida, mai 'yar taga ɗaya da aka toshe da tsumma tun hunturun bara. Idon mai shekara 60 yana karɓar kamar sulusin hasken da idon mai shekara 20 ke karɓa, ga yanar ido da ta zama ruwan dare. Abin da jika ke gani sarai, Kaka lalube take yi. Daga nan ne tuntuɓe da dokin ƙofa, da karayar ƙugu, da shan maganin safe a madadin na dare suke fitowa. Wanda ke gyara wa tsohuwarsa ɗaki, kafin ya sayi tayil, ya fara tunanin ta ina haske zai shiga.

Inda gizo ke saƙa

Bututu ba ya aiki da dare, kuma haihuwa ba ta jiran wayewar gari. Ba zai maye gurbin sola ko fitilar ɗakin tiyata ba. Ba ya shigo da iska. A 2007 wani bincike a asibitoci 8 na birnin Lima a Peru ya nuna cewa tsofaffin ɗakuna masu dogon rufi da manyan tagogi suna sauya iskarsu kusan sau 40 a sa'a idan an buɗe ko'ina, sababbi kuwa sau 17. Ga ɗakin masu tarin fuka, taga a buɗe ita ce kariya. Murfin bututu kuma yana tare yawancin hasken nan marar ganuwa da ke kashe ƙwayoyin cuta yake kuma sa fata ta samar da sinadarin bitamin D, don haka majinyaci yana bukatar shan hantsinsa a baranda.

Sai matsalolin da yanayinmu ke kawowa. Huda kwano buɗe wa yoyo ƙofa ne idan aikin bai yi kyau ba, ruwan ƙasar Zuru kuwa ya fi na arewacin jihar yawa. Dole a sa abin da zai rungumi bakin ramin ya bi tudu da kwarin kwanon, a ɗaure shi yadda guguwar farkon damina ba za ta fizge shi ba. Ƙurar hunturu za ta lulluɓe murfin, sai an sa wanda zai riƙa hawa yana gogewa da ruwa da tsumma mai laushi. Idan ba a liƙe haɗin bututun da kyau ba, ƙura da ƙwari da kashin jemagun da ke cikin silin za su kashe ƙyallin. Tsofaffin gine-gine da yawa silin asbestos gare su, wanda ƙurarsa ke jawo mugun ciwon huhu. Ba a sa masa zarto da ka. Majinyaci kuma a rigingine yake kwana, idonsa a silin, don haka a kan hanya tsakanin gadaje ake sa bututu, ba a saitin fuska ba, da abin rage haske ga mai son barcin rana. Ga kuma tsada: na kamfani daga waje ake shigo da shi, da dala.

Abin da za a iya yi da hannunmu

Tsadar ba ta rufe ƙofa ba. A 2002, lokacin da ake fama da ɗauke wuta a Burazil, wani makanike a garin Uberaba, Alfredo Moser, ya cika gorar roba da ruwa, ya zuba ɗan bilic don kada ruwan ya yi gansakuka, ya soka ta a rufi rabi waje rabi ciki. Da rana takan ba da hasken da ya kai na tsohon ƙwai mai wat 40 zuwa 60. Daga 2011 aka yaɗa dabarar a unguwannin talakawa na Filifin. Ba ta dace da ɗakin jinya mai silin ba, amma ga banɗaki, da madafa, da rumfar 'yan jinya, ta wadatar.

Kusa da mu, a ƙauyen Gando na Burkina Faso, mai zanen gini Francis Kéré, wanda ya ci babbar kyautar Pritzker a 2022, ya sa an yanka tukwanen ƙasa da matan ƙauyen suka kawo, aka jera su cikin dakalin rufin ɗakin karatu, suka zama ƙofofin haske da iska, da rufin sama yana kare su daga ruwa. Ƙasar Dakarkari, wato nan Zuru, ba baƙuwar ginin tukwane ba ce. Ayyukan yumɓun matanta suna gidajen tarihi na duniya. Masu lanƙwasa kwano da ke yin indararo da akwatuna a kasuwa kuma ba za su kasa naɗa bututun mita ɗaya da rabi ba. Abin da za a sayo daga nesa shi ne murfi mai jure rana da shafi mai ƙyalli.

Aikin yana da tsari. A fara da abin da ba ya cin kuɗi: a wanke tagogi, a buɗe waɗanda aka toshe, a sauya labule mai kauri da mai shara-shara, a shafa wa bango da silin farin fenti, domin farin bango yana mayar da yawancin hasken da ya same shi. Inda duhu ya rage bayan wannan, can ne wurin bututu. Ginin da za a sake wa rufi, a yanke shawarar tun kafinta bai hau ba, domin a lokacin ne aikin ya fi araha kuma ya fi tsira daga yoyo.

Tun daga Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 akwai asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda ke tura kuɗi kai tsaye ga zaɓaɓɓun cibiyoyi don ƙananan gyare-gyare, akwai kuma kwamitocin ci gaban mazaɓu da ke sa ido. Zuru tana da Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya tun 2020, Sakkwato tana da cibiyar binciken makamashi a Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Gani ya kori ji. A zaɓi cibiyoyi biyu ko uku a masarautar, a sa na kamfani a wani ɗaki, na gida a wani, ɗalibai su riƙa auna haske da zafi safe da rana da yamma, a rubuta ranar da ya yi yoyo da litar man da aka daina saye, tun daga hunturu har ƙarshen damina. Bayan shekara guda a kai alƙaluman gaban Ma'aikatar Lafiya a Birnin Kebbi. Idan sun nuna riba, a sa sharaɗin hasken rana cikin takardar kowace kwangilar gina asibiti ko gyara shi a jihar, yadda ɗan kwangila ba zai karɓi kuɗinsa na ƙarshe ba sai an kashe duk ƙwai da tsakar rana an ga nas tana iya karanta takardar magani a kowane ɗaki.